Jinyar mai karaya a Damagaram: kalmomin da ke tsakanin ma'aikacin jinya, mai jinya da maɗori

1. Shimfiɗa

Wanda duk ya taɓa kwana a ɗakin masu karaya ya san cewa rabon likitan fiɗa a cikin aikin warkar da ƙashi, in da lokaci za a auna shi, kaɗan ne. Ya daidaita ƙashi, ya sa ƙarfe ko ya naɗa filasta cikin awa ɗaya ko biyu, ya wuce ga na gaba. Abin da ya saura makonni ne, wani zubin watanni, kuma yana hannun mutum biyu: ma'aikacin jinya wanda ya yi karatunsa da Faransanci, da ɗan'uwan maras lafiya wanda ya shimfiɗa tabarma a gindin gado, wanda sau da yawa bai taɓa shiga lakkol ba. Abin da na farko ya koya ba ya isa ga jikin maras lafiya sai ya bi ta kunnen na biyu.

Mu ba likitoci ba ne, aikinmu nazarin harshe ne. Abin da muke so mu yi a cikin wannan ɗan rubutu shi ne mu bayyana manyan ayyukan jinyar mai karaya kamar yadda ake koyar da su a makarantun lafiya, sa'an nan mu duba kalmomin Hausa da ake isar da su da su a bakin gado, da wuraren da waɗannan kalmomi ke iya zamewa. Mun zaɓi Damagaram domin a nan muka fi sanin yadda ake magana. Ga mai karatun da zai ga kamar batun ya yi nisa da sashenmu, muna tunasar da shi cewa tun watan Maris na 2025 babbar dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci kuwa harshen aiki. Ɗakin majinyata na cikin wuraren da harsunan biyu ke gamuwa kowace safiya.

2. Wurin da muke magana a kai

Zinder ita ce hedkwatar mulkin mallaka na ƙasar Nijar kafin a mai da ita Yamai a 1926. Asibitin Ƙasa na Zinder shi ne babban asibitin da ake aiko da masu rauni mai tsanani daga Mirya, Magariya, Matamaye, Tanut, Gure da ƙauyukansu. Yamai na da nisan kusan kilomita 900, Kano kuwa kimanin 240, kuma a can ne Asibitin Ƙashi na Dala yake, wanda aka buɗe a 1959. Saboda haka mai hali yakan duba kudu kafin ya duba yamma. A cikin garin akwai makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ƙasa, ENSP, da jami'ar da aka kafa a 2010, wadda ke ɗauke da sunan André Salifou, marubucin tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19. Da Faransanci ake karatu a duka biyun.

Abubuwan da ke karya ƙashi a nan sanannu ne: kabu-kabu, haɗarin mota a kan babbar hanya, amalanken jaki ko na shanu, faɗuwa daga itace ko cikin rijiya, katangar ƙasa da ta rushe da damina, kokawa. A zamanin Sarki Tanimun da magadansa doki da yaƙi ne ke kawo wa maɗori aiki, kuma maɗorin ya riga asibiti zama a garin da nisa.

Wani abin da bai kamata a manta ba: gidan sarautar Damagaram asalinsa daga Barno yake, kuma har yau masu zuwa asibiti sun haɗa da Barebari, Fulani, Buzaye da Tubawa. Ga da yawa daga cikinsu Hausa harshen kasuwa ne. Maganar da za a yi a bakin gado dole ta zama wadda mai Hausar kasuwa zai ɗauka.

3. Sunayen mutane da na ciwo

Kalmar jinya (ko jiyya) fuska biyu gare ta:

(1) Tana jinyar mijinta.
(2) Ya rasu bayan doguwar jinya.

A (1) mai jinya shi ne mai kula, a (2) shi ne maras lafiya. Majinyaci ma haka: a bakin wasu mai kwance ne, a bakin wasu mai zaune kusa da shi. Faransancin asibiti ya raba mutum uku, « malade », « accompagnant », « infirmier », Hausa kuwa ta tara su a ƙarƙashin saiwa guda. Ba mu ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba, don harshen ya faɗi gaskiyar yadda aikin yake: ciwo na gida ne gaba ɗaya. Amma a takardar da za a liƙa a bango sai an raba. A cikin wannan rubutu, maras lafiya shi ne mai karaya, mai jinya shi ne ɗan'uwa, ma'aikacin jinya shi ne mai farar riga.

Haka nan kalmar likita. A Nijar suna ce ta wuri (« na tafi likita ») kuma suna ce ta duk wanda ke aiki a wurin, daga likitan fiɗa har mai shara. In mai jinya ya ce « likita ya ce a sauke ƙafar », ba mu san wanda ya faɗa ba.

Kalmar « orthopédie » ba ta da takwara a Hausa, kuma ba ta bukata. Nicolas Andry ne ya ƙirƙiro ta a Paris a 1741 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar « miƙaƙƙe » da « yaro », domin littafinsa a kan gyaran jikin yara yake. Jama'a sun riga sun ce asibitin ƙashi, likitan ƙashi, kuma wannan ya fi kalmar Andry dacewa da abin da ake yi yau.

Wajen raunin kansa Hausa ba ta da talauci: karaya, tsagewa, gocewa, targaɗe. Matsalar ita ce waɗannan sunaye hukunci ne da ake yankewa a gida kafin a ɗauki hoto. Da zarar an ce targaɗe ne, an zaɓi hanyar magani, watau murza da ja, alhali karayar da ke kusa da gaɓa, musamman ta gwiwar hannun yaro, ba ta da bambanci da targaɗe a ido. Ma'aikacin da ya tambayi « mene ne ya same shi? » hukuncin gida zai ji. Wanda ya tambayi « yaya aka yi ya faɗi, kuma tun yaushe, kuma wa ya taɓa wurin? » shi ne zai ji labari.

Mu ƙara da cewa daga saiwar da ta ba da karya da karye aka sami aikatau karaya, watau mutum ya yanke ƙauna. Wanda ya yi wata biyu a kwance yana kallon rufin ɗaki ya san dalili.

4. Kwana uku na farko

A nan ne za mu daɗe, domin a nan ne ake asarar hannu.

Bandejin filasta, wanda mutane ke kira siminti, Antonius Mathijsen, likitan sojan ƙasar Holan, ne ya bayyana shi a 1852. Yana daskarewa cikin mintoci, amma bai bushewa sosai sai bayan kwana 2 zuwa 3. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma gaɓar da ta karye ke kumbura. Naman damtse da na ƙwauri a naɗe yake cikin wata fata mai tauri wadda ba ta miƙewa. In jini da ruwa suka taru a ciki, ga kuma zoben siminti ko karan ɗori a waje, kumburin bai da inda zai tafi, sai ya matse ƙananan hanyoyin jini. Nama da jijiya suka rasa jini na wajen awa 6, lalacewar ta fara zama wadda ba ta gyaruwa. Abin da ke biyo baya shi ne hannu ya ƙandare, yatsu su lanƙwashe har abada, kamar yadda Richard von Volkmann ya bayyana a 1881, ko kuma gaɓar ta ruɓe a yanke ta. Maganinsa, in an gani da wuri, shi ne a tsaga simintin daga sama har ƙasa, har a ga fata, nan take. In bai isa ba likitan fiɗa ya buɗe fatar da ta naɗe naman.

Saboda haka ake koya wa ma'aikacin jinya ya ɗora gaɓar a kan matashi ta ɗan ɗara ƙirji, ya riƙa duba yatsu a kai a kai: launinsu, ɗuminsu, kumburinsu, motsinsu, da ko maras lafiya na jin taɓi. Alamar da ke riga sauran zuwa ita ce ciwon da ya wuce kima, wanda magani bai kwantar da shi, wanda kuma ke tsananta in aka miƙe yatsa. Bugun jini a wuyan hannu yana iya kasancewa har lokacin da nama ya soma mutuwa, don haka jin sa ba ya kwantar da hankali. To, ma'aikaci guda mai gadin dare a kan gadaje da yawa ba zai ga yatsun kowa ba. Idon da ke wurin na mai jinya ne. Me ake gaya masa, kuma me yake ji?

Mu fara da gaisuwa.

(3) Yaya jiki? — Da sauƙi.

Amsar (3) ba rahoto ba ce. Ita kaɗai ce amsar da tarbiyya ta yarda da ita, kuma mai numfashin ƙarshe ma ita zai bayar. In aka fassara « comment ça va ce matin ? » da « yaya jiki? », aka rubuta amsar a takarda, to gaisuwa aka rubuta. Ga kuma dauriya, wadda ake yaba wa namiji da ita tun daga kaciya, mace kuwa tun daga haihuwa. Tambayar aiki sai ta zo bayan gaisuwa, kuma ta zama wadda ba a amsa ta da ladabi:

(4) Jiya da dare ciwon ya bar ka ka yi barci?
(5) Tsakanin jiya da yau, wane ya fi zogi?

Mun ga wannan da idonmu a cikin danginmu. Yaro ne ɗan shekara takwas da ya faɗo daga amalanke ya karye a gwiwar hannu, aka sa masa siminti a wata likita da ba za mu ambata ba. Ɗan fari ne, uwarsa na jin kunyarsa, sai kakarsa ta zauna jinya. Abin da aka gaya mata shi ne « in ya yi ciwo a faɗa ». Ita kuwa a ganinta karaya dole ta yi ciwo, kuma tashin ma'aikaci da tsakar dare rashin kunya ne. Ta kwana tana ba shi haƙuri. Da safe aka tambaye ta jiki ta ce da sauƙi. Wata ma'aikaciya da ta zo karɓar aiki ce ta kama ɗan yatsan yaron ta miƙe shi, ya ƙwalla ƙara, ta aika a kawo abin tsaga siminti. Hannun ya tsira, yatsu biyu dai ba su koma daidai ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin wannan labari, kuma an yi bayani da Hausa.

Sai kalmar sanyi, wadda muke ganin ta fi kowace haɗari. Ga ma'aikacin jinya yatsu masu sanyi alama ce ta jini bai isa. Ga mai jinya sanyi na iya zama abu uku: sanyin da ake ji da taɓi, ko ciwon sanyi da ke shiga ƙashi wanda ake kora da bargo da garwashi, ko kuwa sauƙi, kamar a « abin ya yi sanyi ». Mafi muni, in jijiya ta mutu ciwon yakan lafa da gaske. Daidai lokacin da gaɓa ke lalacewa mai jinya na iya kawo albishir cewa an sami sanyi. Zafi ma haka yake, ɗumi ne kuma ciwo ne: « hannun da zafi » na iya zama labari mai daɗi ko maras daɗi. Hanyar da muka ga ta fi ita ce kwatanci da ɗaya hannun, a kama biyun tare a ji wanda ya fi ɗumi.

Jijiya kuma kalma guda ce a inda Faransanci ke da huɗu: « nerf », « veine », « artère », « tendon ». A aji ana iya cewa jijiyar jini, jijiyar ji da motsi, jijiyar da ta ɗaure nama da ƙashi. A bakin gado gara a bar ta, a faɗi abin da ido zai gani.

Launi ma yana da nasa tarko. Littattafan da aka rubuta a Faransa suna cewa yatsu su yi « bleu » ko « pâle ». Fatar mutanenmu ba ta yin shuɗi, kuma wanda aka ce ya jira shuɗi zai daɗe yana jira. Wurin dubawa shi ne ƙarƙashin farce da tafin hannu: a danna farce ya yi fari, a saki, jan ya dawo kafin a ƙirga biyu. In mace ta sa lalle farcen ba zai nuna kome ba, sai a danna tsokar kan yatsa, a kuma dogara ga ɗumi da ji da motsi. Wannan ba mu taɓa ganin sa a littafin da ya zo daga waje ba, duk ma'aikaciyar da ta yi shekara guda a nan kuwa ta san shi.

In aka tara waɗannan, ga irin maganar da muke ba da shawara:

(6) Inna, a riƙa duba yatsun nan dare da rana. In suka kumbura, ko suka fi na ɗaya hannun sanyi, ko ya ce bai jin su, ko aka miƙe masa yatsa ya yi ƙara, ko kuka ya ƙi tsayawa bayan an ba da magani, kada a jira gari ya waye. A zo a tashe mu, aikinmu ne.

A lura da abu biyu a (6). Na ɗaya, lamirin « a » maras mai shi, wanda da shi Hausa ke ba babba umurni ba tare da an tsaya a kansa ba. Shi ne ke yin aikin da « vous » ke yi, kuma ma'aikacin da ya fassara umurnin Faransanci kai tsaye da « duba! », « tashi! » ga tsohuwar da ta haifi ubansa ya rufe kunnenta kafin ya gama. Na biyu, jimlar ƙarshe ba ta ƙara wani ilmi, izini ne take bayarwa. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda ya fito a 2003, ya nuna yadda tsoron faɗan ma'aikata ke hana mutane buɗe baki. In ba a ba da izinin a fili ba, mai jinya zai ɗauka babu shi.

5. Doguwar kwanciya

Wanda ya karye a cinya, in ba a sa masa ƙarfe ba, yakan yi mako 6 zuwa 12 ana jan ƙafarsa da nauyi. Sharaɗin aikin shi ne nauyin ya kasance a rataye, kada ya taɓa ƙasa, dare da rana. Mai jinya kuwa yana ganin ɗan'uwansa na wahala, sai tausayi ya sa ya ɗora nauyin a kan kujera « ya ɗan huta ». Nama ya ja, ƙashi ya hau kan ɗan'uwansa, ƙafa ta warke gajera. Hani kawai bai isa ba. Mun ji ma'aikacin da ya ce nauyin nan shi ne hannun maɗori da bai gajiya, in aka sauke shi kamar maɗori ya saki ƙafa ne kafin ya ɗaure, kuma an gane shi nan da nan.

Gyambon kwanciya yana fitowa a inda ƙashi ya danne fata a kan katifa: ƙugu, ɗuwawu, diddige. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke wuce digiri 40, ga katifa mai rufin roba, ga zufa, fata na iya buɗewa cikin ƴan kwanaki. Ƙa'idar ita ce a sauya wa maras lafiya kwanciya, ko a ɗaga wurin da ya danne, kowace awa 2, a wanke, a busar, a miƙe zanen gado. « Kowace awa biyu » magana ce ta mai agogo. Akan ce a ɗaura ta a kan lokutan salla, kuma dabara ce mai kyau, amma a lissafa: daga azahar zuwa lisha tazarar ba ta da yawa, daga asuba zuwa azahar kuwa, da daga lisha zuwa asuba, kowace ta wuce awa 6. Sai an ƙara da hantsi da walaha, da sau uku cikin dare, in ba haka ba an bar fatar a daidai lokacin da ta fi daɗewa a danne.

Wane ne zai duba ƙugun? Ɗiya ba ta buɗe wa ubanta zane, suruki bai sa wa surukinsa fo. Ana iya samun mutum huɗu a gindin gado babu ko ɗaya da al'ada ta yarda ya ga wurin da gyambon ke fitowa. Tambayar « a cikinku wa ke yi masa wanka? » ta cancanci shiga takardar karɓar maras lafiya tun ranar farko.

Sauran ayyukan sanannu ne kuma kalmominsu ba su da wuya: shan ruwa da yawa, abinci mai gina jiki irin su nono, wake, ƙwai da nama, motsa gaɓoɓin da ba a ɗaure ba don kada jini ya daskare a ƙafa ko gaɓa ta sandare, wanke bakin ƙarfen da ya fito ta fata, allurar tetanos ga wanda ƙashinsa ya huda fata. Kada a cusa tsinke ko kara cikin siminti don ƙaiƙayi. Wari, ko danshin da ya ɓullo ta jikin simintin, ko zazzaɓi, a faɗa.

Batun alwala ya fi waɗannan bukatar bayani, domin ruwa na narkar da siminti, mutum kuwa ba zai bar salla ba don likita ya ce kada ya jiƙa hannu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Birni da Zango ya riga ya warware matsalar: a cikin Muhtasar na Shehu Halil akwai fasali a kan shafa bisa ɗaurin karaya, watau a shafa da danshin hannu maimakon a kwarara ruwa, ga kuma taimama, ga salla a zaune ko a kwance. Ma'aikacin jinya ba sai ya zama malami ba, ya ishe shi ya ce « a tambayi malam hukuncin shafa a kan ɗauri ». Kalmar Larabci ta wannan ɗauri, jabira, saiwarta guda da aljabar ta masu lissafi, wadda asalin ma'anarta haɗa abin da ya karye.

6. Maɗori

Daga aikatau ɗora aka sami ɗori da maɗori. Sana'a ce ta gado, ana yin ta da ja da daidaitawa, da man shafawa, da karare ko ƴan sanduna da ake jerawa a ɗaure, da addu'a. Rajistocin asibiti suna da kalma ga maras lafiyar da ya tashi ya tafi wurinsa ba da sallama ba: « évadé », kalmar gidan kaso. Mu a ganinmu ta fi bayyana mai rubutawa a kan wanda aka rubuta.

Dalilan tafiyar ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka soma sa maras lafiya ya biya wani kaso na magani, bayan shirin Bamako na 1987, iyali ne ke sayen hoto, bandeji da ƙarfe, sau da yawa kafin a taɓa mutum. Kyautar maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka kafa a 2006 ba ta shafi ɗan kabu-kabu ba. Maɗori kuwa yana zuwa gida, yana jira a biya shi daga baya, yana kiran mutum da sunan da ya dace, yana taɓa wurin da hannunsa kowane ƴan kwanaki. Sa'an nan ga tsoron yanka. Wanda ɗori ya matse wa gaɓa har ta ruɓe asibiti ake kai shi daga ƙarshe, a yanke, gari ya ji cewa likita yankewa take yi, na gaba ya ƙi zuwa da wuri, shi ma ya zo a ruɓe. Kowane ɓangare yana ganin gazawar ɗayan ne kawai, don waɗanda suka warke a hannun maɗori ba su zuwa asibiti a ƙirga su.

Karaya mai sauƙi wadda ba ta goce ba tana haɗewa a hannun maɗori, don ƙashi da kansa yake haɗewa in aka hana shi motsi. Inda ake asara shi ne karayar da ta huda fata, da ta cikin gaɓa, da ta wuyan cinya, da ɗaurin da ya matse. Zagin maɗori a gaban mai jinya bai hana kowa tafiya, sai dai ya hana shi dawowa. Hugh Owen Thomas, wanda ƙarfen ɗaurin cinya da ke ɗauke da sunansa ya ceci sojoji masu yawa a yaƙin duniya na farko, ɗan gidan maɗora ne daga yankin Wales na Birtaniya. Abin da ma'aikacin jinya zai iya yi wa wanda ya ƙudura tafiya shi ne ya ba shi maganar (6) ya tafi da ita, tun da alamomin matsi iri ɗaya ne ko siminti ne ko kara, ya kuma ce masa in ya dawo ba wanda zai yi masa gori.

7. Ranar dawowa

Akan rubuta wa mai karayar damtse « à revoir dans 45 jours », a ba shi takarda. Takardar na shiga aljihu, kwanan watan bature kuwa ba shi ne ake ƙirga kwana da shi a ƙauye ba. Wasu na dawowa bayan mako biyu don ciwo ya tafi, ko su jiƙa simintin su cire da kansu tun ƙashi bai yi ƙwari ba. Wasu na barin sa wata uku har gaɓa ta sandare. Dole a faɗa a fili cewa tafiyar ciwo daban, haɗewar ƙashi daban, domin aikatau warke ya ƙunshi duka biyun.

Wajen ƙirga kuwa akwai ma'auni biyu da kowa ya riƙe. Na ɗaya arba'in, wadda kowace mace ta san ta daga wankan jego: « arba'in da kwana biyar ». Na biyu ranar kasuwa. Mutumin karkarar Damagaram ya san Alhamis, ranar babbar kasuwar gari, kuma ranar ce yake samun motar shigowa. « Ka ƙirga Alhamis shida, ta bakwai ka zo » ba kullum take faɗawa daidai kan kwana 45 ba, takan ɗara da ƴan kwanaki in an sa simintin a ƙarshen mako, amma ɗarin ƴan kwanaki bai cutar da ƙashi kamar rashin zuwa. Inda likita ke son rana takamaimai, kamar duban farko na bayan mako guda da ake sake hoto a ga ko ƙashin ya goce, sai a faɗi sunan ranar, a sa mai jinya ya maimaita ta da bakinsa kafin ya naɗe tabarmarsa.